Burs: taimakon gwamnati ga ɗalibai

Hanyar karatu doguwa ce. Yaro yana yin shekara 6 a firamare, shekara 4 a koleji, shekara 3 a lise. In ya ci jarrabawar bak, sai ya shiga jami'a.

Babu jami'a a Dogarawa. Dole ɗalibi ya bar gida. A da, sai ya tafi Yamai. Amma a shekara ta 2010 gwamnati ta buɗe jami'a a Tawa, da Maraɗi, da Damagaram. Tafiya ta rage, amma ɗawainiya tana nan: kuɗin mota, kuɗin rajista, littattafai, abinci da wurin kwana. Saboda wannan nauyi, yara da yawa masu ƙwazo suna barin karatu. Yarinya a yi mata aure, yaro ya tafi bida.

Don haka ne gwamnati take ba ɗalibai burs. Burs kuɗi ne na taimakon karatu. Ba bashi ba ne, ba a biyan shi. Ma'aikatar da ke raba shi sunanta ANAB, tana Yamai. Ba kowa ke samu ba. Ana duba makin da ɗalibi ya samu a bak, ana duba shekarunsa. Wanda bai samu burs ba yana iya neman wani taimako ƙarami, wanda bai kai burs ba. Akwai kuma burs na ƙasashen waje, kamar Aljeriya da Maroko.

A jami'a akwai wata ma'aikata, CROU. Ita ke kula da ɗakunan kwana da gidan abinci. Kuɗinsu da sauƙi, amma ɗakunan ba su isar kowa.

Mai neman burs sai ya haɗa takardu: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, da takardar cin bak. Yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba, dole iyayensa su je wurin alƙali ya yi masa wata takarda. Gara a yi ta tun yana firamare, kuma a tabbata sunansa iri ɗaya ne a kowace takarda.

Burs ba ya isar komi, kuma wani lokaci yana jinkiri. Shi ya sa iyaye masu hangen nesa suke shiri da wuri. Wani ya aje kuɗi bayan ya saida albasa. Wata ta yi kiwon rago, ko ta shiga adashi. Da sanyin safiya ake kama fara.

Tambayoyi
1. Shekara nawa yaro yake yi kafin ya shiga jami'a?
2. Mene ne bambancin burs da bashi?
3. Waɗanne takardu mai neman burs yake haɗawa?
4. Uba yana aje jika 2 kowane wata. Jika nawa zai tara cikin shekara 7?

Aiki
Kowa ya tambayi iyayensa ko yana da takardar haihuwa.