Bayan An Kashe Janareto: Hirar Fim a Teburin Mai Shayi

A Guri, kamar sauran garuruwan fadamar Haɗeja, fim ba ya ƙarewa a gidan kallo. Da an kashe janareto, ko cajin waya ya mutu, sai a gangara teburin mai shayi, a can ake yi wa labarin shari'a. Masuncin da ya wuni yana fama da kacala a mashigar ruwa, da manomin shinkafa, da ɗan acaɓa, da ɗalibin da ya dawo hutu daga Dutse, kowa ya baje abin da ya gani. Dattawa kan kira wannan zama surutun banza. Alhali kuwa shi ne sharhin fim mafi yawa da ake yi da harshen Hausa, kuma ta nan ne baƙon labari ke zama ɗan gari. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta yi aikinta a rubuce, amma kwafi nawa ne suka taɓa isa kasuwar ƙauye? Wanda bai taɓa riƙe mujalla ba ma yana da hukuncinsa, kuma a bakinsa yake ajiye da shi.

Alamar farko ta wannan sharhi ita ce raɗa suna. Bahaushe bai cika yarda ya mallaki abu ba sai ya laƙaba masa sunan da ya ga dama. Tun zamanin silimun Kano, masu kallo suka yi wa jaruman Indiya wannan aiki: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa, saboda laushinsa, aka kira shi Mace. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya tattara waɗannan laƙubba. A dubi na biyun da kyau. Kalmomi huɗu ne kacal, amma sun taƙaita irin rawar da mutumin ke takawa a fina-finai da dama: mai tada ƙayar baya wanda labari ya ba shi izinin yin haka. Marubucin jarida zai ci shafi guda kafin ya faɗi wannan. Da fim ɗin Hausa ya tashi, daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya na 1999, ɗabi'ar ba ta canza ba. Marigayi Rabilu Musa ya nutse cikin Ibro, marigayiya Hauwa Ali Dodo ta zama Biba Problem, Jamila ta ɗauki Nagudu, Rukayya ta ɗauki Dawayya. Ba hukuma ce ta ba su waɗannan sunaye ba, 'yan kallo ne.

Abinci ma bai tsira ba, domin ciki da ido maƙwabta ne. A Amurka akwai wani lemo marar giya da ake kira Shirley Temple, sunan wata yarinya 'yar fim ta shekarun 1930. Fim ɗin Forrest Gump na 1994 ya ƙirƙiri kamfanin jatan lande na ƙarya mai suna Bubba Gump, sai ga shi a 1996 an buɗe gidan abinci na gaske da wannan suna. A Indiya, Gabbar Singh, mugun Sholay na 1975, ya yi farin jini har kamfanin biskit ya ɗauko shi talla. Can sau da yawa kamfanoni ne ke sayen sunan da kuɗi. A nan kyauta ake yi, da baki. Al'ummar da ta kira shinkafa da wake garau-garau saboda yadda take warwatsewa a faranti, ta kira baƙin shayi ruwan bunu, ta ɗauki sunan shirin gwamnatin Kano na A Daidaita Sahu ta manna wa keke mai ƙafa uku, ba ta buƙatar darasi a wannan fanni. Idan mai shayi ya kira babban haɗinsa na taliya da ƙwai Sarkin Ƙarfi, babu mai neman ƙarin bayani. Sai dai a yi hattara da kamannin sauti: awara ba ta da dangantaka da Awaara, fim ɗin Raj Kapoor na 1951. Sunanta ya fi kusa da wara, cukun madarar shanu da aka sani a ƙasar Yarbawa.

Wani zai ce raɗa suna wasa ne, ba fahimta ba, kuma majalisa ba za ta iya da labari mai sarƙaƙiya ba. To a gwada ta da Inception, fim ɗin Christopher Nolan na 2010, wanda ko a ƙasar da aka yi shi mutane suka fito silima suna sosa ƙeya. Cobb, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a matsayinsa, ɓarawo ne, amma ba ya fasa shago. Mafarkin mutum yake shiga ya sace sirrinsa. Wani attajiri mai suna Saito ya ɗauke shi aikin da ya fi sata wuya: ya dasa wa magajin abokin hamayyarsa, Fischer, tunanin rusa kamfanin mahaifinsa, ta yadda zai farka yana zaton shi ya yanke shawarar da kansa. Aka yi aikin a cikin jirgi, tafiyar awa 10 daga Sidni ta Ostireliya zuwa Amurka. Mafarki ne cikin mafarki cikin mafarki, kuma kowane hawa lokaci na ƙara miƙewa: awa 10 ta zama kusan mako guda a hawan farko, wata 6 a na biyu, shekara 10 a na uku. Ladan Cobb shi ne a share masa tuhumar kashe matarsa, ya koma ga 'ya'yansa.

Duk wannan tsari akwai makamancinsa a jakar ɗan kallon Guri. Labari cikin labari ya san shi tun yana yaro, domin haka Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce a 1937: aku na ba da labari, a cikin labarin wani ya buɗe nasa, kuma mai sauraro bai taɓa ɓacewa ba. Haka Dare Dubu da Ɗaya. Cewa lokacin barci ba ɗaya yake da na farke ba, wanda ya taso da ƙissar Ashabul Kahfi da shekarunsu 309 ba zai ji abin baƙo ba. Akwai ma wurin da fim ɗin ya zo daidai da abin da kowane yaro ya sani: a hawan farko ana tafka ruwan sama ne saboda mai mafarkin, wani mai haɗa magunguna daga Mombasa mai suna Yusuf, fitsari ya matse shi. Wanda ya taɓa mafarkin yana bakin kogi ya farka a jiƙe ba ya buƙatar farfesa a nan. Dasa tunani kuwa ai ita ce sana'ar Gizo. Gizo bai taɓa ƙwace wa kura abu da ƙarfi ba, sa ta yake yi ta ga kamar dabarar tata ce. Da an ce Cobb Gizo ne mai kwat, rabin fim ɗin ya warware.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na addini, cewa mafarki ba abin wasa ba ne. Gaskiya ne al'ummar da ke karanta Suratu Yusuf, da mafarkin sarki na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, wadda kuma ke sayen littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin a bakin masallaci, ba za ta ɗauki maganar da sauƙi ba. Amma wannan ilimi taimaka wa mai kallo yake yi. Malamai sun kasa mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda rai ke yi wa kansa hira. Duk mafarkan Inception na kashi na uku ne. Matar Cobb da ke ɓullowa tana ɓata masa aiki ba aljana ba ce, ba fatalwa ba, nadamarsa ce ta sa riga. Mai wannan rabe-rabe a kansa ya fi saurin gane haka a kan wanda ke kallon kowane mafarki abu ɗaya. Na'urar shiga mafarkin wani kuma ƙagagge ce, babu ta a ko'ina.

Inda majalisa ke da rauni na gaske daban ne. Tana yawan tambayar mene ne darasin fim, ta manta da tambayar yadda aka ɗinka shi. Tana kuma haɗa ɗan wasa da rawarsa, har a tsani mace a kasuwa don ta fito a muguwar kishiya a tashar Arewa24. Ga kuma fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita, wadda ta buɗe wa miliyoyi ƙofa, amma mai fassara kan cusa barkwancinsa inda asali kuka ake yi, sai a wayi gari ana gardama kan maganar da jarumin bai taɓa furtawa ba. Waɗannan aibobi ne, amma a cikin hirar ake gyara su. Wanda ya kalli fim sau uku shi ke ƙure wanda ya kalla sau ɗaya, ya ce a mayar da waya baya a duba.

Ƙarshen Inception an gina shi ne don irin wannan teburi. Cobb yana da ɗan ƙarfe da yake murzawa kamar katantanwa: idan a mafarki yake ba ya faɗuwa, idan a farke ne zai faɗi. Ya isa gida, ya murza shi a tebur, ya hango 'ya'yansa, ya tafi. Ƙarfen ya ɗan yi tangaɗi, hoto ya ɗauke. Masu cewa a farke yake suna kafa hujja da tangaɗin, da kuma abin da Michael Caine, wanda ya fito a surukinsa, ya faɗa daga baya, cewa an gaya masa duk fitowar da yake ciki zahiri ce. Masu cewa mafarki ne suna nuna yadda komai ya zo masa a sauƙaƙe a filin jirgi. Nolan kansa ya ja hankali ga wani abu na uku: Cobb bai tsaya ya ga ko zai faɗi ba.