NIGELEC a kan sikeli: me kamfanin wutar Nijar ya sauke, me ya rage a wuyansa a Matamaye?

A Matamaye, hedikwatar gundumar Kance da ke jihar Damagaram, ɗaukewar wutar lantarki tana taɓa aljihu kai tsaye. Mai walda zai ajiye ƙarafansa, mai injin niƙa zai koma kan gas mai tsada, mai sayar da ƙanƙara kuwa jarinta ne zai narke a gabanta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, maganar takan wuce ta ciniki ta zama ta lafiya, musamman ga jarirai da tsofaffi da marasa lafiyar da ke kwance a asibitin gunduma.

Kamfanin da wannan nauyi ke kansa shi ne NIGELEC, wanda aka kafa a shekarar 1968, kuma mallakar gwamnatin Nijar ne. Tun da dukiyar jama'a ce, mutanen Matamaye suna da damar su tambaya ko kamfanin yana sauke haƙƙin da ke kansa. Amsar tana buƙatar a duba abubuwa huɗu: inda wutar ke fitowa, waɗanda take kaiwa gare su, kuɗin da ake biya, da yadda kamfanin ke mu'amala da masu biyan.

Wutar da ke tsallako iyaka

NIGELEC ya raba ƙasar zuwa yankuna. Yankin kogi, wato Yamai da Dosso da Tilaberi, yana samun wuta ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi tun 1976. Agadas ta dogara da tashar kwal ta kamfanin SONICHAR. Jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa kuwa suna cikin yankin tsakiya maso gabas, wanda babbar jijiyarsa ita ce layi mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Matamaye tana cikin wannan yanki.

Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Dalilin a fili yake. Wutar madatsun ruwa irin su Kainji ta fi wadda ake samarwa da injinan gas arha nesa ba kusa ba, kuma arhar ce ta ba kamfanin damar barin farashinsa ƙasa da na maƙwabta kamar Burkina Faso na tsawon shekaru. Talaka ya amfana da wannan.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, kuma a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024, sannan a watan Maris Najeriya ta sanar da buɗe iyaka da maido da wutar. A tsawon waɗannan watanni Matamaye ta sha duka biyu, domin garin yana kan hanyar da ta bi ta Ɗan Barto zuwa Daura da Kano. Iyakar da ake ciniki ta kanta a rufe take, wutar da ake sana'a da ita kuma ta koma ta karɓa-karɓa.

Katsewar ba laifin NIGELEC ba ce, hukunci ne na siyasa da aka yanke a Abuja. Abin da za a iya tuhumar kamfanin da gwamnatocin da suka mallake shi a kai shi ne rashin tanadi. An yi shekaru da dama ana jingine da layi ɗaya, alhali matatar mai ta SORAZ, wadda ke iya tace ganga 20,000 a rana, tana aiki a cikin jihar Damagaram tun 2011. An ja layi daga matatar zuwa birnin Damagaram, kamfanin Istithmar kuma ya gina tasha mai megawat 22 a can, kuma waɗannan sun rage zafin abin, amma ba su cike gurbin Najeriya ba. Madatsar Kandaji mai megawat 130 da aka aza harsashinta tun 2008 ba ta fara ba da wuta ba. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce kawai. Ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2023, Yamai take haskawa.

Ko babu takunkumi ma layin Katsina yana da nasa rauni. A watan Oktoban 2024, lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya jefa Kano da Katsina da wasu jihohin arewacin Najeriya cikin duhu na kwanaki. Wanda yake ɗiba daga rijiyar Katsina ba zai samu abin da Katsinawa suka rasa ba.

Waɗanda wayar ba ta kai gare su ba

Masu ƙorafin ɗauke wuta su ne ma masu sa'a. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara abin bai kai ɗaya cikin goma ba. Gundumar Kance tana da mutane kusan 400,000 a ƙidayar 2012, akasarinsu a ƙauyukan Tsawni da Yawuri da Kurni da Dungu da Ishirnawa da Dawshe da Ɗan Barto. Tana cikin yankunan da jama'a suka fi cunkushewa a ƙasar. Wannan cunkoso hujja ce a kan kamfanin, domin jan waya zuwa ƙauyukan da ke kusa da juna ya fi sauƙi da arha a kan kai ta rugagen da ke warwatse a arewa.

Yankin yana noman rake da gyaɗa da kayan lambu a fadamomin Korama. Tumatir yakan ruɓe saboda babu ɗakin sanyi. Mai lambu yana ba da ruwa da injin fetur, duk ribar ta tafi a kan mai. Matan da ke matse man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli suna biyan kuɗin niƙa daidai da tsadar gas. Kance ita ce gundumar da ta yi suna wajen ficewar mata da yara zuwa Aljeriya neman abinci, kuma a watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara 'yan wannan yanki. Wutar lantarki kaɗai ba za ta hana ƙaura ba, amma kowace sana'ar da za ta iya riƙe mace a gida, daga niƙa zuwa ɗinki zuwa sayar da abin sanyi, tana ƙaruwa da ita.

A wannan fanni an ɗan taɓuka. A 2013 an kafa hukumar ANPER domin kai wuta karkara. Gwamnati ta sa wa kanta burin kai wuta ga kashi 80 cikin 100 na jama'a nan da 2035. A watan Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin Haske na dala miliyan 317.5, wanda NIGELEC ke cikin masu aiwatar da shi. Dakatar da kuɗaɗen masu ba da tallafi bayan juyin mulki ya jinkirta irin waɗannan ayyuka. Tazarar da ke tsakanin kashi 20 da kashi 80 kuwa tana nuna cewa ba da tafiyar da ake yi a yanzu za a isa ba.

Farashi: inda kamfanin ya ci maki

Dokar wutar lantarki ta 2016 da hukumar ARSE mai sa ido kan harkar makamashi, wadda aka kafa a 2015, sun kawo sabon tsarin farashi da ya fara aiki a watan Janairun 2018. A da, gidaje suna biyan kimanin sefa 79 kan kowane kilowat. Sabon tsarin ya ware matakin masu ƙaramin ƙarfi: wanda bai wuce kilowat 50 a wata ba yana biyan kimanin sefa 59, yayin da masu shan wuta da yawa aka ƙara musu.

Lissafin yana da sauƙi. Ƙwan fitila huɗu masu wat 10 da ake kunnawa awa shida a rana suna cin kilowat 7 da ɗoriya a wata. Fanka mai wat 60 da ke juyawa awa goma tana cin 18. Talabijin mai wat 60 na awa huɗu yana cin wasu 7. Jimla ba ta kai 35 ba. Gidan da ya cinye kilowat 50 cif zai biya kusan jika uku, kafin a ɗora haraji da sauran kuɗaɗe. Wannan tsari ne na adalci, domin mai kwandishan ne ke tallafa wa mai fanka. Haka kuma a lokacin korona, a 2020, gwamnati ta ɗauke wa masu wannan mataki kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu.

Tsarin yana da gurbi guda da ya shafi garuruwa irin Matamaye. A gidan da iyalai uku ko huɗu ke raba mita ɗaya, ko inda maƙwabci ya ja waya daga maƙwabci saboda kuɗin sa mita ya fi ƙarfinsa, abin da suka sha yana haɗuwa ya tsallake kilowat 50. Sai talakawa huɗu su biya farashin mai hali ɗaya. Haka matar da ta sayi ƙaramin firji domin sayar da zoɓo, da ta fara sana'a ta fita daga matakin rangwame. Maganin shi ne a sauƙaƙa kuɗin sa mita, a bar mutum ya biya a hankali, kowane iyali ya samu tasa.

Takardar wuta da haƙƙin sani

Takardar kuɗin wuta a Nijar da Faransanci ake rubuta ta, ga mutanen da Hausa suke ji. A cikinta akwai kuɗaɗen da ba na wutar ba ne, kamar kason gidan rediyo da talabijin na ƙasa, da haraji na musamman da aka tanada domin fitilun titi da faɗaɗa layuka a ƙananan hukumomi. Kuɗin nan daga aljihun mutanen Matamaye yake fita. Haƙƙinsu ne kamfanin da ofishin magajin gari su riƙa bayyana nawa aka tara a shekara, da unguwar da aka kafa wa turaku da shi.

Sai batun bashi. Magidancin da ya yi jinkirin biya ana yanke masa wuta, kuma sai ya biya tara kafin a maido. Ma'aikatun gwamnati kuwa sun daɗe suna tara wa kamfanin bashi ba tare da sun ga almakashi ba. Shi ma NIGELEC sunansa ya sha fitowa a rahotannin hukumar NERC ta Najeriya cikin kamfanonin ƙetare da ake bin kuɗin wuta. Sarƙa ɗaya ce: idan manya ba su biya ba, kamfanin ba zai biya mai sayar masa ba, ba zai sayi taransifoma ba, kuma ƙaramin mai biya ne zai kwana a duhu. Masu satar wuta da masu taɓa mita su ma suna da nasu kason a wannan asara.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar biliyoyi. Idan wutar ba za ta isa ba, a fitar da jadawalin rabo, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyon al'umma, a kuma cika shi, domin mai walda ya san lokacin karɓar aiki. A fifita layin asibiti da na famfunan tura ruwa, tun da ɗaukewar wuta takan ja ɗaukewar ruwa. Kafin iskar farkon damina a duba turakun da suka karkace da wayoyin da suka yi ƙasa a kan hanyoyin da yara ke bi. Wanda hawa da saukar wuta ta ƙona wa kaya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma san cewa ARSE tana da hurumin sauraron ƙorafinsa idan kamfanin bai saurare shi ba.

Idan aka ɗora komai a sikeli, NIGELEC ya cancanci yabo a kan farashin masu ƙaramin ƙarfi da kuma riƙe ƙasar da ya yi da injinan cikin gida a watannin takunkumi. Ya gaza wajen tanadin madadin layin Katsina, ya bar mafi yawan ƙauyukan Kance ba waya, kuma bai saba yi wa masu biyansa bayani da harshen da suke ji ba. Na farko da na biyu suna buƙatar kuɗi da shekaru da hannun gwamnati. Na uku yana iya farawa daga ofishin kamfanin da ke Matamaye kafin bazara mai zuwa.