In Bireka Ta Faɗi: Dalilan Zafin Injin Iskar Mai Faci

A garuruwa da ƙauyukan arewacin Jihar Kano, irin su Dambatta da Bichi da Makoda da Kunchi, inda gona ke manne da gona, lokacin bazara ne manoma ke ta jigilar taki zuwa gonaki kafin saukar damina. Amalanke da babura da kekuna duk sai da iska a taya, saboda haka rumfar mai faci ba ta rabuwa da jama'a. Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne injin iskar da ke aiki da lantarki ya fi ɗaukar zafi, bireka ta faɗi, aiki ya tsaya. Sau da yawa akan ɗora wa bireka laifi, a sauya ta da babba ko a haɗe ta da waya. Alhali kuwa Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

A cikin bireka akwai wani siririn falle na ƙarfe iri biyu da aka manne. Idan lantarkin da ke ratsa shi ya wuce ƙima, sai ya yi zafi ya lanƙwashe, ya katse wutar. Ke nan faɗuwarta shaida ce cewa motar lantarkin da ke juya famfon tana jan wuta fiye da abin da aka ƙera ta da shi. Tun a wajajen 1840 masanin nan ɗan Ingila, James Prescott Joule, ya gano cewa idan kwararar lantarki ta ninka sau 2, zafin waya yana ninkawa sau 4. Ƙarin kashi 20 cikin 100 kawai yakan haifar da ƙarin zafi na kashi 44. Injiniyoyi kuma suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 bisa ƙima yana rage rabin kwanan shafen da ke lulluɓe wayar koyil.

Dalili na farko shi ne raunin wuta. Ƙa'idar wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ce, amma a ƙarshen dogayen layukan karkara, inda taransifoma ɗaya ke ɗauke da gari guda, wutar kan iso da rauni. Wannan matsala ta girmi kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ya kuma koma hannun 'yan kasuwa a 2013; an san ta tun zamanin NEPA. Idan ƙarfin wuta ya ragu, motar takan ƙara jan lantarki domin ta ɗauki nauyin da ke kanta. Doguwar siririyar waya da aka jawo daga maƙwabta tana ƙara dagula lamarin. Don haka ake auna wutar a jikin injin yayin da yake aiki.

Na biyu shi ne yanayi. Galibin waɗannan motoci an ƙera su ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Kano kan kai haka, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Ƙurar da hunturu ya bari takan toshe matatar iska, ta cike ramukan sanyaya da fanka.

Na uku yana jikin injin kansa. Lokacin tashi, motar kan ja ninki 5 zuwa 7 na wutar da take ci tana tafiya. Akwai bawul da ke sakin iskar da ta maƙale a kan fistin da zarar injin ya tsaya, da wani da ke hana iskar tanki komowa. In ɗayansu ya lalace, motar za ta tashi da kaya a ka. Kafasita da ta mutu kan sa ta yi ta gurnani ba ta juya ba. Ƙarancin mai, da bel da aka ɗaure tamau, da boris da ya cinye, duk nauyi ne. Yoyon iska a tiyo kuma yana hana ta hutawa.

Lokacin faɗuwar bireka yana nuna inda za a duba. In ta faɗi nan take, a duba ko wayoyi sun haɗu ko koyil ya ƙone. In bayan ɗan gurnani ne, a nemi kafasita da bawul da ƙarfin wuta. In kuwa sai bayan mintuna, to zafi ne ya taru, a duba ƙura da mai da yoyo. Kafin a taɓa komai, wajibi ne a cire wuta, a saki iskar tanki, a bar wa ma'aikacin lantarki kafasita, domin takan riƙe caji bayan an kashe wuta.

Bawul ko kafasita daga kasuwar Ƙofar Ruwa ba su kai kuɗin naɗa sabon koyil ba, balle asarar gobara a rumfa. Mai facin da ya share injinsa, ya ajiye shi a inuwa mai shan iska, ya kuma bar bireka daidai da abin da aka rubuta a allon jikin motar, shi ne manoma za su tarar a bakin aiki ranar da taki ke jiran kaiwa gona.