Hasashen ƙwazon 'yan wasan besbol

Hasashen ƙwazon 'yan wasan besbol hanya ce ta amfani da alƙaluman shekarun baya domin ƙiyasta abin da ɗan wasa zai yi a kakar wasa mai zuwa. An fi yin sa a babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, mai ƙungiyoyi 30. Ƙungiyoyi na dogaro da shi wajen sayen 'yan wasa da tsayar da albashinsu, 'yan jarida da magoya baya kuma na amfani da shi wajen amsa tambayar da ake yi kafin kowace kaka: wane ɗan wasa ne zai fi kowa ƙoƙari a ƙungiya? Abin da tsare-tsaren hasashe suka nuna shi ne, alƙaluman kaka ɗaya ba su isa a yanke hukunci a kansu ba, kuma wanda ya yi fice a bara sau da yawa yakan ɗan ja baya a bana.

Dalilin da ya sa besbol ta dace da hasashe

A wasan besbol, mai jifa yakan jefa ƙwallo, mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin maka ta da sanda sannan ya zagaya zango huɗu domin ƙungiyarsa ta sami maki. Idan ƙwallon ta tsallake katangar fili ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ana kiran bugun homran. Kowace arangama tsakanin mutum biyu take, kuma sakamakonta a fili yake, ana iya rubuta shi. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kuma ɗan wasan da ake sakawa kullum yakan tsaya bugu kusan sau 600. Wannan ya bambanta da ƙwallon ƙafa, inda ƙoƙarin mutum ɗaya yake cakuɗe da na abokan wasansa goma. An kuma daɗe ana adana alƙaluman besbol, tun ƙarni na 19, don haka akwai dubban 'yan wasa da za a iya kwatanta na yanzu da su.

Tarihi

An kafa ƙungiyar masu binciken besbol ta Amurka, SABR, a shekarar 1971 a garin Cooperstown na jihar New York. Daga sunanta ne Bill James ya ƙirƙiro kalmar sabametiriks, wato nazarin besbol ta hanyar alƙaluma. James ya fara wallafa littafinsa na shekara-shekara da kansa a 1977, a lokacin yana aikin gadin dare a wata masana'antar abincin gwangwani a jihar Kansas. Shi ne ya fito da dabarar auna kamancin 'yan wasa biyu ta alƙalumansu, da kuma hanyar juya alƙaluman ƙananan gasanni zuwa kwatankwacinsu a babbar gasa. Ƙungiyar Boston Red Sox ta ɗauke shi mai ba da shawara a 2002.

Fannin ya ƙara shahara da littafin Moneyball na Michael Lewis, wanda ya fito a 2003. Littafin ya ba da labarin yadda Billy Beane, babban manajan Oakland Athletics, ya yi amfani da alƙaluma wajen nemo 'yan wasa masu araha da sauran ƙungiyoyi suka raina. A 2002 ƙungiyar ta ci wasa 103, ciki har da 20 a jere. An mayar da littafin fim a 2011. Daga 2015 kuma aka girka tsarin Statcast a dukkan filaye 30 na gasar, wanda ke auna gudun ƙwallo bayan ta bar sanda, da kusurwar tashinta, da saurin ɗan wasa.

Ginshiƙan hasashe

Kusan dukkan tsare-tsaren hasashe sun tsaya a kan abubuwa huɗu.

Na farko shi ne duba shekaru da dama. Ana haɗa alƙaluman kaka uku ko huɗu, a ba ta baya-bayan nan nauyi mafi girma.

Na biyu shi ne komawa matsakaici. Sakamakon kowace kaka gauraye yake da gwaninta da kuma sa'a. Ɗan wasan da ya zarce kowa a shekara guda yawanci gwani ne da sa'a ta kuma taimaka masa, ita kuwa sa'a ba ta da tabbacin dawowa. Saboda haka ana jawo hasashen kowa zuwa ga matsakaicin gasar, kuma gwargwadon ƙarancin alƙaluman ɗan wasa, gwargwadon ƙarfin jan da ake yi masa. Brady Anderson na Baltimore Orioles misali ne da ake yawan kawowa: ya buga homran 16 a 1995, ya buga 50 a 1996, sannan ya dawo 18 a 1997.

Na uku shi ne shekarun haihuwa. Bill James ya nuna cewa yawancin masu bugu suna kai ƙololuwar ƙarfinsu a wajen shekara 27. Saurin gudu da iya tsaron fili sukan fara raguwa da wuri, yayin da iya tantance ƙwallon da ta cancanci a buga yakan daɗe tare da ɗan wasa.

Na huɗu shi ne muhalli. Filin Coors da ke birnin Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, inda iska ba ta da kauri, ƙwallo kuma takan yi nisa fiye da yadda take yi a wasu wurare. Alƙaluman mai bugun da ke wasa a can sukan kumbura, na mai jifa kuma su lalace, don haka sai an gyara su kafin a kwatanta da na wasu.

Hasashen masu jifa ya fi wuya. A 2001 Voros McCracken ya wallafa bincike da ya nuna cewa mai jifa ba shi da cikakken iko a kan abin da ke faruwa da zarar an bugi ƙwallo ta faɗa cikin fili, domin wannan ya danganta da masu tsaro da kuma sa'a. A gasar MLB, kimanin uku cikin goma na irin waɗannan ƙwallaye ne ke zama bugu mai nasara. Tun daga lokacin, masu hasashe suka fi mayar da hankali kan abubuwan da ke hannun mai jifa shi kaɗai: yawan waɗanda ya fitar da jifa uku, yawan waɗanda ya bari suka wuce zangon farko kyauta, da yawan homran da aka buga masa.

Fitattun tsare-tsare

Marcel shi ne mafi sauƙi. Tom Tango ne ya tsara shi, ya kuma sa masa sunan wani biri na shirin talabijin mai suna Friends, domin nuna cewa lissafin ba ya buƙatar wata zurfin dabara. Ga masu bugu, yana ninka alƙaluman kaka ukun baya da 5 da 4 da 3, ya ƙara tsayuwar bugu 1,200 na matsakaicin ɗan wasa, sannan ya yi ɗan gyara saboda shekaru. Alal misali, a ce ɗan wasa ya tsaya bugu sau 600 a kowace kaka, ya buga homran 20, sannan 25, sannan 40. Matsakaicinsa bayan an sa nauyi zai zama 30. Idan matsakaicin gasar 18 ne a tsayuwa 600, bayan an jawo shi zuwa matsakaici hasashen zai tsaya a wajen 28, ƙasa da 40 ɗin da magoya baya za su sa rai da su. Ana ɗaukar Marcel a matsayin ma'auni: duk tsarin da bai fi shi daidai ba, bai ƙara komai ba.

PECOTA kuma Nate Silver ne ya ƙirƙiro shi, aka fara wallafa shi a littafin Baseball Prospectus na 2003. Sunan ya yi daidai da na Bill Pecota, wani tsohon ɗan wasa da bai yi wani fice ba. Tsarin yana nemo 'yan wasan da suka gabata masu kama da wanda ake nazari a shekaru da ƙirar jiki da matsayi a fili da alƙaluma, ya duba yadda rayuwar wasansu ta ci gaba. Ba ya tsayawa kan lamba ɗaya. Yana ba da jerin sakamako daga mafi muni zuwa mafi kyau, tare da yiwuwar kowanne. Silver ya yi suna daga baya a hasashen zaɓen Amurka ta shafinsa FiveThirtyEight.

Akwai kuma ZiPS na Dan Szymborski da Steamer na Jared Cross da abokan aikinsa, waɗanda ake wallafawa a shafin FanGraphs. Manyan ƙungiyoyi suna da nasu tsare-tsaren na cikin gida da ba sa bayyanawa.

Yadda ake fitar da wanda ya fi

Domin a kwatanta mai jifa da mai bugu ko mai tsaron fili, ana amfani da ma'aunin WAR. Yana ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa idan aka kwatanta da wanda za a iya ɗaukowa cikin sauƙi daga ƙaramar gasa ya maye gurbinsa. Kimanin maki goma ne ke daidai da nasara ɗaya. Ɗan wasa matsakaici da ya buga kaka cikakkiya yakan sami kusan 2, gwanaye sukan kai 5, wanda ke takarar gwarzon shekara kuma yakan kai 7 ko 8.

Wanda ya fi yawan WAR a hasashe shi ake sa wa gaba, amma hakan na nufin ya fi kowane ɗaya daga cikin abokansa dama ne kawai. Idan ƙungiya tana da gwanaye huɗu ko biyar da tazararsu ba ta da yawa, yiwuwar ɗaya daga cikinsu ya wuce shi tana iya fin yiwuwar shi ya riƙe matsayin. Atlanta Braves ta ga haka. A 2023 Ronald Acuña Jr. ya buga homran 41, ya saci zango 73, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan rukunin National League ba tare da hamayya ba. A watan Mayun 2024 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, kakarsa ta ƙare. Wanda ya fi haskawa a ƙungiyar a shekarar shi ne Chris Sale, mai jifa ɗan shekara 35 da ya sha fama da raunuka a Boston, wanda ya ci wasa 18 ya kuma lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa.

Iyakokin hasashe

Rauni shi ne babban abin da ke rushe hasashe. Aaron Judge na New York Yankees ya buga homran 62 a 2022, ya sauko zuwa 37 a 2023 bayan ya ji ciwo a yatsan ƙafa, sannan ya buga 58 a 2024.

Tsare-tsaren ba sa saurin gane sauyi na gaskiya. José Bautista na Toronto Blue Jays ya buga homran 13 a 2009, ya gyara salon bugunsa, ya buga 54 a 2010. Lissafin komawa matsakaici zai ɗauki yawancin wannan ƙari a matsayin sa'a, amma ya sake buga 43 a 2011. Alƙaluman kaka ɗaya ba sa iya raba irin Bautista da irin Anderson, shi ya sa ƙungiyoyi ke haɗa lissafi da rahoton masu sa ido a fili da kuma bayanan Statcast.

Sababbin 'yan wasa da waɗanda suka zo daga gasannin Japan da Koriya ta Kudu suna da wuyar hasashe, domin sai an juya alƙalumansu tukuna. Sauyin dokoki ma yana tasiri: a 2023 an sa agogon jifa, an ƙara girman zango, satar zango kuma ta ƙaru sosai a gasar. Kakar 2020, wadda annobar korona ta rage zuwa wasa 60, ta bar alƙaluma kaɗan da ba a iya dogara da su sosai.

Tasiri a kan kwantiragi

Kuskure a hasashe yana cin kuɗi mai yawa, saboda yawancin kwantiragin MLB dole ne a biya su ko da ɗan wasa ya daina ƙoƙari. A watan Disambar 2011 Los Angeles Angels ta ba Albert Pujols kwantiragin shekara goma na dala miliyan 240 yana dab da cika shekara 32, kuma bai sake kai matsayin da ya kai a St. Louis Cardinals ba. Baltimore Orioles ta ba Chris Davis dala miliyan 161 na shekara bakwai bayan ya buga homran 47 a 2015. A 2018 matsakaicin bugunsa ya faɗi zuwa.168. Irin waɗannan misalai na daga cikin dalilan da suka sa ƙungiyoyi da yawa suka koma ƙulla dogon kwantiragi da matasan 'yan wasansu tun kafin su kai ƙololuwar ƙarfinsu.