Jikin da ba ya komawa jiya

A watan Disamba na 2020, wata matashiya 'yar Ingila, Keira Bell, ta yi nasara a Babbar Kotu a Landan kan asibitin Tavistock, mai kula da yaran da ke jin jikinsu bai dace da jinsinsu ba. Tana shekara 16 aka fara ba ta maganin dakatar da balaga, bayan shekara guda aka ɗora ta kan sinadarin maza, testosteron, tana 20 aka cire mata nono. Daga baya ta daina, ta ci gaba da rayuwa a mace, tana cewa likitoci ba su tsaya sun tono damuwar da ke cin ta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2021.

Shari'a dai ana iya soke ta, aikin wuƙar likita kuwa ya zauna. Muryar da ta yi kauri ba ta sirancewa, gashin fuska yakan ci gaba da tsirowa, shayarwa ta tafi ke nan. Wadda aka cire wa ƙwan haihuwa sai ta dogara da magani shekara da shekaru. Ga sauya suna a takardu karo na biyu, ga abokan da suka yi tafi ranar tafiya, wasunsu suka ɗauke ƙafa ranar dawowa. Wadda ta dawo mace ce a zuciyarta, amma ta waya ana ce mata malam.

Mutum nawa ne ke da-na-sani? Nan ake kai ruwa rana. Binciken asibitin Amsterdam da aka buga a 2018 ya samu ƙasa da kashi 1 cikin 100 na waɗanda aka yi wa babbar tiyata. Sai dai asibiti wanda ya dawo yake ƙirgawa: cikin mutum 100 da suka janye daga sauya jinsi, a binciken Lisa Littman da aka buga a 2021, 24 kawai suka sanar da likitocinsu. Kuma ba duk janyewa ce nadama ba. A babban binciken Amurka na 2015 kan masu sauya jinsi, kashi 8 cikin 100 sun ce sun taɓa janyewa, akasari na ɗan lokaci, da yawa saboda matsin iyaye, tsangwama ko rashin aiki.

Abin takaici, kowane ɓangare adadin da ya yi masa daɗi yake ɗauka. Masu adawa da sauya jinsi suna ɗaga waɗannan mutane kamar tuta, wasu magoya baya kuma suna yi musu kallon maciya amana, alhali likita suke nema da mai sauraro. An rufe sashen yara na Tavistock a Maris 2024. Rahoton Dakta Hilary Cass da ya fito wata guda bayan haka ya nemi hukumar lafiya ta Ingila ta tanadi kulawa ga masu janyewa, tare da lura cewa wataƙila ba za su so komawa hannun waɗanda suka fara duba su ba.