Kifin Banda: Sana'ar Rufin Asiri, Amma A Kula Da Hayaƙi

Mu nan Gwaram da Birnin Kudu ba mu da teku, amma da wuya miyar kuka ta yi armashi ba kifin banda. Da yawansa daga fadamun Haɗeja da Nguru ake kawo shi, wani kuma daga Baga, bakin Tafkin Chadi. Yanzu da kiwon tarwaɗa ya yaɗu, mata na saro ɗanye, su wanke da gishiri, su naɗe shi, su jera a kan waya bisa rabin duro a tsakar gida. Jarin kaɗan ne, kuma kifin da zai ruɓe a yini guda sai ya yi makonni. Daga nan ake samun kuɗin cefane da na Islamiyya.

Abin da ke damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne hayaƙin. Mace ta wuni a bakin wuta, ido ya yi ja, tari ya ƙi ƙarewa, ga goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Huhun jariri bai kai na babba ƙwari ba, kuma hayaƙin itace na cikin abubuwan da ke jawo wa yara ciwon nimoniya. 'Yar'uwa, ki sauke goyon kafin ki hura wutar, ki yi bandar a fili. Kada ki taɓa tada wuta da leda ko roba, gubarsu a jikin kifin take zama.

Matan gaɓar teku sun riga mu neman mafita. A 1969, a unguwar Chorkor da ke Accra a Ghana, aka fito da murhun laka mai farantan waya da ake ɗorawa hawa-hawa. Wuta ɗaya ke busar da kifi mai yawa, itace kaɗan, hayaƙin kuma ba ya watsuwa a fuska kamar na duro. Laka muna da ita, kafintoci ma haka.

Sai kuma maganar fiya-fiya. Wasu na yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Wannan guba ce, wanki ba ya ba da tabbacin fitar da ita. Kifin da ya bushe sosai, ana mayar da shi wuta lokaci-lokaci, ba ya buƙatarta. In kin je saye, ki shinshina. In kin ji warin magani, ki ajiye masa abinsa, komai arharsa.