Gargaɗi ga masu shirin sauya manhajar kuɗi da albashi

Shugabannin kamfanoni, manyan sakatarori da daraktocin kuɗi, a dakata da sa hannu! Duk kwangilar girka babbar manhaja da ba ta fayyace yadda za a tafiyar da aikin ba, da wanda ke da ikon tsayar da shi, barazana ce ga albashin ma'aikata da littafin asusu.

Ɗan kwangila zai zo muku da tsari biyu. A tsarin Wotafol, sai an rubuta dukkan buƙatu tun farko kafin a gina, a gwada, a kunna. A tsarin Ajayil kuwa, wanda masana 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a 2001, ɗan yanki ake ginawa duk bayan 'yan makonni, a nuna wa masu amfani su yi gyara. Na biyun ake yayi yanzu, kuma yana da rana wajen tsara rahotanni da shafukan da ma'aikaci ke gani. Amma ba a biyan mutum rabin albashi a ce ragowar sai zagaye na gaba. Lissafin kuɗi, haraji da kwashe tsofaffin bayanai suna buƙatar matakai a rubuce, kowane da mai sa hannu. Wanda ya ce muku tsari ɗaya zai wadatar da komai, hajarsa yake tallatawa.

Ku duba kamfanin cakulan na Hershey a Amurka. Aikin girka manhaja da aka ba da shawarar a yi cikin wata 48 aka matse shi zuwa 30, aka taƙaita gwaji, aka kunna a 1999 dab da kakar cinikinsa mafi girma. Kaya na jibge a sito, odar kusan dala miliyan 100 ta gagara isarwa. Sauri ya haifi nawa.

Misalin Birmingham a Ingila ya fi kusa da halin ma'aikatunmu. Majalisar birnin ta kunna manhajar Oracle a Afrilun 2022. Da farko an shirya ma'aikata su bi tsarin manhajar yadda ta zo, daga baya aka koma lanƙwasa ta don ta dace da tsohuwar al'adar ofis. Sashen da ke daidaita kuɗin banki da asusu ya ƙi aiki, akantoci suka koma bin shigar kuɗi layi-layi da hannu. Aikin fam miliyan 19 ya haura miliyan 100. Irin wannan lanƙwasawar ce ta sa kamfanin Lidl na Jamus ya watsar da aikinsa na manhajar SAP a 2018, bayan shekara bakwai da kusan yuro miliyan 500.

Don haka, kafin kuɗin somin-taɓi ya fita, a sa waɗannan cikin kwangila: ba a taɓa lokacin gwaji ko da aiki ya makara, ranar kunnawa ake ɗagawa. Tsohuwar manhaja da sabuwa su lissafa albashi tare na aƙalla wata biyu, a kwatanta sakamakon kwabo da kwabo. A fara da reshe ɗaya. Kada a kunna a ƙarshen shekarar kuɗi ko dab da Sallah. Duk wanda ya nemi a sauya wani abu a manhajar ya rubuta dalilinsa da farashinsa. Kuma akanta da mai kula da sito, waɗanda za su wuni a gabanta, su ne za su ce ta shirya ko ba ta shirya ba.